Toshin Jarkar Ruwa

"Nafisa, ina ƙarshen labarin? Kwana biyu ma ba ki zuwa."

Haka na tare ta jiya a bakin makaranta. Ita ce ta fi kowa alƙalami a ƙungiyarmu ta ɗalibai marubuta. A labarinta, zafi ya cinye Sakkwato ta nan gaba, rijiyoyi sun ƙafe, masu iko sun kulle famfo. Saurayi ba ya kai toshin turare. Jarkar ruwansa yake kai wa budurwa, shi ya wuni da ƙishi.

Ta ce, "Malama, lokacin da kuke zama ina layin rijiyar burtsatse a unguwarmu Gidan Igwai. In na bar layi, ba a girki gidanmu. Wagga jarka ta labarin ma, saurayin yayata na gani ya kawo. Shekara kawai na canza."

Wallahi na gaji da ganin ruwa yana ƙwace mini yara masu basira.

Asabar ɗin nan a gefen layin za mu shimfiɗa tabarma, sai ta ƙarasa labarinta.

Ku a unguwarku, me ke ƙwace muku yaran?