Layar Da Na Cusa A Injin Baba

Makon jiya da hantsi janareton maƙwabcinmu ya yi wani irin tari, ya turo baƙin hayaƙi ta tagata, ya mutu. Warin dizal da bai gama ƙonewa ba ya cika ɗakin. A lokacin ina zaune gaban kwamfuta raina a ɓace, domin kwana biyu ke nan ina fama da wata manhaja da na ɗora wa makarantarmu don iyaye su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu ta intanet. Ba a kwamfutata take zaune ba. A kan saba take, wato babbar kwamfutar wani kamfani da muka karɓi hayar wuri a cikinta. Na loda fayilolin, na haɗa rumbun bayanai, na sa kalmar sirri. Shafin farko yana buɗewa lafiya lau, amma da zarar an ce a ɗora sakamako sai allo ya yi fari fat.

Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa ya san ni. Har na rubuta wa kamfanin saƙo mai zafi, na ce sabarsu ce ta lalace, su daina raina wa mutane hankali. Saura in tura wannan warin ya shigo. Sai na janye hannuna, na buɗe kundin da manhajar ke rubuta kurakuranta, na bi layi-layi. Ashe ni ce. Ranar farko, don tsoron masu kutse, na kulle wata folda kulle mai tsanani, har manhajar kanta ta kasa rubutu a ciki. Na sassauta, komai ya tashi. Na goge saƙon, na tuna baya, don wannan ba shi ne karo na farko da na shaƙe abu da sunan tsare shi ba. Bari in ba ka labarin na farkon.

Ina 'yar shekara tara, a ƙarshen shekarun saba'in, Baba ya yi audugar da bai taɓa yin irinta ba. Ƙauyenmu yana bayan Bakori, hanyarsa sai ƙafa ko keke. Da aka gama kai auduga Funtua sai Baba ya dawo da abin da ya daɗe yana mafarki, injin niƙa sabo dal, kore shar, a bayan wata motar katako har bakin kasuwar Bakori. Mata suka yi ta guɗa. Duk wadda ta san zafin dutsen niƙa da asuba ta san dalilin guɗar nan.

Sai dai injin ba ya zama inda ba mutane. Baba yana da amini a bakin kasuwar Bakori, wani dattijo Bayarabe, Kirista, mai sayar da atamfa da kwanuka. Shekara da shekaru a rumfarsa Baba ke jingine kekensa ranar kasuwa. Da salla mu kai musu tuwo, da Kirsimeti matarsa ta aiko mana da shinkafa da kaza, kuma Baba ake kira ya yanka kazar don mu iya ci. Shi ya ce wa Baba ga fili a bayan shagonsa, a kafa injin a nan. Babban ɗansa kuma shi zai girka. A Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi, ya koyi gyaran inji a can, kowa Injiniya yake ce masa. Dogo ne siriri, kullum da sifana a aljihun baya, kuma idan yana aiki yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

Kwana huɗu ya yi yana girkawa. Ya zuba siminti, ya dasa kusoshi, ya jira ya bushe, ya ɗaura bel mai juya injin, ya yi ta gwada saitinsa da zare. Ni nake kai wa Baba fura, don haka duk a idona aka yi.

Kakata ta wajen uba, wadda duk gida muke kira Iya, ita kaɗai ba ta yi guɗa ba. Ba don ba ta so ba, tsoro take ji. A ganinta duk wanda ya wuce ta bakin kasuwa ya kalli injin nan to ya bar masa ido. Ta yi wa Baba maganar a nemi tsari, ya yi dariya ya ce ƙarfe ne, Iya, addu'a ta isa. Ta je wurin malaminta a ɓoye ta karɓo laya, ta naɗe ta da ƙyallen tsohon saƙinta, ta ɗaure da zare. A rana ta huɗu ta ja ni bayan rumbu ta danƙa mini a tafin hannu.

“Ki sa ta a cikin injin, inda ido ba ya kaiwa,” ta ce. “Idan kika faɗa wa kowa ta karye, kuma abin da ya sami ubanki ke ce.”

Da azahar maza suka tafi masallaci, Injiniya ya shiga gida cin abinci. Na zagaya injin ina neman maɓoya. Sai ga wani bututu a buɗe, baki sama, mai lanƙwasa. Ina zan san ta nan injin ke shan iska? Na jefa layar, na samo kara na tura ta har ta shige lanƙwasar. Da Injiniya ya dawo ya ɗauko wata 'yar tukunya ta tace iska ya ɗaura a bakin bututun ya ƙulle. Wallahi daɗi na ji, na ce yanzu kam ta ɓoyu.

Da la'asar aka juya hannu, injin ya tashi. Yara muka yi ta tsalle. Aka zuba dawa tiya guda, sai ƙararsa ta sauya, ya yi tari, ya turo baƙin hayaƙi, ya mutu. Aka sake tayarwa, ya tashi. Aka zuba hatsi, ya mutu.

Na ga yadda Injiniya ya bi abin, kuma sai da na girma na san aikin gwani na gani. Ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda. Ya duba mai, ya tace shi da ƙyalle, ya gwada. Ya sassauta bel, ya gwada. Ya cire tukunyar iskar nan ya ga tsaf take, ya leƙa bututun bai ga komai ba sai duhu, ya mayar. Ya kwance nozul, wato ɗan bakin da ke fesa mai, ya wanke, ya gwada. Kwana uku yana wannan, waƙarsa ta ɗauke. Lokacin girbi ne, masara da dawa sun shigo, mata suna zuwa da ƙwarya a ka suna komawa da hatsinsu yadda suka kawo shi. Masu wucewa suna yi wa Baba jaje, wasu da dariya a ƙarƙashi.

A rana ta uku na kawo fura na tarar da shi shi kaɗai, zaune a kan buhu, hannuwansa baƙi ƙirin. Ya dube ni ya ce, “Ƙanwata, ke kina nan kullum. Ko kin ga wani ya taɓa injin nan ba na nan?”

Na ce a'a. Kai tsaye na faɗa, ban ko sunkuyar da kai ba. A raina ba na haɗa layar da ciwon injin, ita ai tsari ce. Amma kada in yi maka ƙarya, wani abu a ƙirjina ya sani.

Washegari ranar kasuwa ce. Injiniya ya ce wa Baba abu ɗaya ya rage, a bar shi ya kwance kan injin gaba ɗaya. Kafin nan kuwa an riga an cika wa Baba kunne. Wani ya ce masa ai yaran nan haka suke yi, su cire sabon nozul su sa tsoho. Baba mutum ne mai sanyi, amma idan kunya ta kama shi a gaban mutane ba ya ganin gabansa. A wajen saurin ɗora wa mutane laifi na gado shi. Ya ɗaga murya, kasuwa tana ji, ya ce ba wanda zai ƙara kwance masa komai, a dawo masa da abin da aka cire tukuna.

Dattijon ya fito daga shago a hankali, da ma'aunin yadi a hannunsa. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “Malam, shekara ashirin kekenka na wuni a rumfata. Yau ɗana ne ɓarawo?”

Baba ya juya ya tafi neman amalanke. Da yamma aka zo da amalanke aka tumɓuke injin daga simintin, aka kai shi wata rumfa can ƙarshen kasuwa. Aka ɗauko wani makanike daga Funtua ya sa sabon nozul. Bayan kwana biyu injin ya kama aiki, kuma ya yi shekara goma sha biyar yana niƙa. Kowa ya ce to ga shi nan, magana ta fito.

Daga nan ba wanda ya sake kai wa Injiniya ko famfon keke. Nakan hango shi zaune a ƙofar shagon uban, sifanar tana aljihu, ba abin da zai kwance. Kafin damina ta faɗi ya bar garin. Uwarsa ba ta daina kirana ba idan na wuce, takan miƙo mini ƙosai a takarda, ni kuwa in kasa ci. Kirsimetin shekarar ba a kira Baba yankan kaza ba. Bayan 'yan shekaru su ma suka tattara suka koma kudu.

Iya ta rasu ina makarantar kwana. Na yi aure, na yi karatu, na fara koyarwa, maganar tana nan a cikina kamar tsakuwa a takalmi. Sai da Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, wata rana da rani muna zaune a zaure ina ɓare masa gyaɗa, na ce yau dai sai na sauke. Na faɗa masa duka, tun daga bayan rumbu har karan da na tura da shi. Ina jira ya yi salati.

“Na sani,” ya ce. “Ni na ciro ta.”

Ashe sabon nozul ɗin bai gyara komai ba. Bayan makaniken ya tafi injin ya ci gaba da mutuwa. Baba ya rufe rumfa, ya kwance bututun da kansa don haushi, layar ta faɗo a cinyarsa, ta yi baƙi da mai. Ya gane saƙin uwarsa.

Na ce, “Baba, kuma ka yi shiru?”

“In fita kasuwa in ce wa? In ce uwata ce?”

“Da ka ce ni ce.”

“Ke 'yar shekara tara, wa zai yarda ke kika je wurin malami?” Ya daɗe yana juya gyaɗa a hannu bai ci ba. “Na ce idan Iya ta kwanta dama zan je in same su. Da ta rasu na yi ta cewa gobe. Ran da na shirya, na tarar da wani a shagon.” Sai ya kamo hannuna. “Ku da kuka yi boko kun san hanyoyi. Ki nemo mini yaron nan, in roƙe shi gafara da bakina.”

Na ce to. Bai ga daminar shekarar ba.

Na nema, Allah ya sani. Amma mu yara ba mu taɓa sanin sunansa na yanka ba, Baba ma ɗan wane yake ce masa, uban kuma da laƙabin kasuwa aka san shi. Na tambaya a Funtua, na tambaya a cocinsu, aka ce tsofaffin da za su sani sun mutu ko sun koma gida. Abin yana ba ni baƙin ciki har yau, ba na ɓoyewa.

Bakori ta sauya. Inda shagon yake yanzu masu cajin waya ne, injinan niƙa sun cika kowace unguwa, yaran da ke ba su hatsi ba su san an taɓa yin guɗa don inji ba. Aminci irin na ajiye keke shekara ashirin ma ban cika ganinsa ba. Duk lokacin da na je gida nakan tsaya wurin 'yan tsofaffin da suka rage a bakin kasuwa, tunda shi Injiniya ban same shi ba, in faɗa musu gaskiyar abin da ya faru. Sukan saurara, su ce Allah sarki, Allah ya jiƙan Malam. A zuwana na bara na tarar da wani tsoho da ban taɓa gaya wa ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ko ya tuna ɗan Bayaraben nan mai gyaran inji.

Ya yi ɗan tunani, fuskarsa ta washe. Ya ce, “Ƙwarai kuwa. Ba shi ne ya sace wa babanki nozul ba?”