Akushin Tata da Kwanon Tanimu

Duk wanda ya ce maka Tata matar Ɗan Bala ta taɓa cinye wa wani kwano, ka turo mini shi. Dangar kara ɗaya ce ta raba gidana da nasu a ƙauyenmu, nan tsakanin Agiye da Gazawa, kuma Ɗan Bala ɗan kawuna ne, taubashina, wanda Allah ya halatta mini zolaya har kabari. Abin da ban gani da ido ba na ji shi ta tsakanin kara. Don haka ni zan faɗi yadda aka yi, tunda waɗanda suka ɓata mata suna sun yi shiru sun bar ƙarya tana kiwo.

Tata gajeruwar mace ce, mai ƙarancin magana. Sana'arta matsar man gujiya da suyar ƙuli-ƙuli, kuma ba a taɓa jin an mayar mata da mai don ya yi gauri ba. A kasuwar Agiye masu kayan gida sun sa mata suna In-ya-faɗi-fa. Dalili kuwa, ko ludayi za ta saya sai ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta shinshina, sannan ta dubi mai shi ta ce, "To, in ya faɗi fa?" In ya ce ai ba zai faɗi ba, sai ta ajiye ta wuce. Takan ce gidan da ke da yara da awaki da miji, komai sai ya faɗi.

Da aka kawo ta gidan Ɗan Bala ba ta zo da tarin kaya ba. Amma ta zo da akushi. Baƙi ƙirin, na iccen danya, mai faɗin da sai da hannu biyu, yana sheƙi saboda man shanun da ake shafa masa. Kakarta ce ta ɗauko shi a ka daga wajen Katsina, da ƙafa, da goyo a baya, tun iyaka ba ta zama iyaka ba. A gefensa akwai wata 'yar tsaga da gyartai ya ɗinke da waya tun Tata ba ta san kanta ba. Kaka ta ba uwa, uwa ta ba Tata, ita kuma tana jiran ranar da za ta ɗora shi a kan kayan ɗiyarta Zainaba.

A cikinsa ake fito wa Ɗan Bala da tuwo wurin ciyayya. Ga wanda bai sani ba, al'adarmu ce bayan magariba mazan unguwa kowa ya fito da tuwon gidansa gindin gawon ƙofar mai gari, a jera, a ci na wannan a koma na wancan. Na Tata kullum shi ake bari ƙarshe, don ko an daɗe ana gardamar damina, in aka buɗe faifai sai ka ga turiri. Shekara da shekaru Ɗan Bala yana hura hanci da wannan, kamar shi ya sassaƙa.

Sai shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu. Gujiya ta yi albarka, ta yi daraja. Tanimu, wani ɗan garinmu da ya yi 'yan shekaru yana dako a kantunan Maraɗi, ya dawo da jakuna niƙi-niƙi da kwanonin ƙarfe masu fenti, farare da furanni ja da shuɗi, kowane da murfinsa. Ya baje su gindin gawon nan, rana ta haska su, mata suka fara leƙe ta saman danga.

Bakinsa ya fi kayansa ƙyalli. "Jama'a, Nasara ya tafi, ƙasa ta dawo hannunmu. Gobe manya za su zo daga Yamai su tarar da ku kuna cin tuwo a icce. Icce fa. Abin da ake zuba wa awaki dusa." Wanda ba shi da abin saye kuwa, Tanimu ya ce don zumunci ya kawo tsohon akushinsa a yi musaya, shi zai samu na hura wuta.

Kafin a gama sussukar hatsi, wurin ciyayya ya koma kamar lambu, fure ko'ina. Akushin Tata kaɗai ya rage baƙi a tsakiya. Aka sa Ɗan Bala gaba. Wani ya ce ga mai turmi ya iso. Ni ma na taɓa shi, na ce ya riƙa zuwa da taɓarya mu san abin da muke ciki. Wannan haƙƙina ne na taubashi. Ban ce ya shiga ɗakin matarsa ya ɗauki abin da ba nasa ba.

Ranar kasuwar Gazawa Tata ta tafi da man gujiyarta. Ɗan Bala ya naɗe akushi cikin babbar riga kamar mai satar kaza, ya dawo da kwano mai jan fure da 'yar langa da Tanimu ya ba shi gyara. Da la'asar na ji shigowarta, na matso jikin danga ina gyaran igiyar da ba ta lalace ba.

"Malam, ina akushina?"

"Ga wanda ya fi shi nan. Dubi fure."

"Na ga fure. Ina akushina?"

"Ke Tata, ai ni ke ci a ciki."

"Kana sha a rijiyar gari ma. Yaushe za ka kai ta wurin Tanimu?"

Ta ɗauki kwanon, na ji ta ƙwanƙwasa shi da farce, ya yi ƙara kamar gwangwani. Ta ce, "In ya faɗi fa?" Ɗan Bala ya ce ƙarfe ne, ba ya fashewa.

Washegari ta yafa zane ta kai wa Tanimu kayansa, ta roƙe shi da girman Allah. Ya ce ciniki ya faɗa, shi da maigida ya yi, ba da mace ba. Akushi kuwa tun jiya ya sa an faskara, an dafa wake da shi. Ta dawo ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Amma kwana da kwanaki ban ji dakanta da waƙa ba, ita da ba ta taɓa daka shiru.

Kwanon kuwa ya nuna halinsa tun daren farko. Tata ta kwashe tuwo daga wuta ta miƙa wa Ɗan Bala. Muna zaune muka hango shi yana tahowa da sauri-sauri, yana sauya hannu, yana hura yatsu, yana murmushin dole. Da aka zagayo kansa aka buɗe, tuwo ya sandare, miyar kuka ta yi fata. Na ce, "Ɗan kawu, wannan ci za mu yi ko jifa?" Kwanon bai yi wata ba akuya ta ture shi, fenti ya ɓantare, baƙin tabo ya fito kamar ido. Tabo ya yi tsatsa, tsatsa ta huje, Ɗan Bala ya toshe da tsumma. Haka na sauran ma. Amma ka san maza. Kowa ya juya ɓangaren tabo wajen ƙafarsa, ana cin tuwo mai sanyi ana yabon zamani. Tanimu shi ba ya fitowa ciyayya. Ya ce a birni kowa ɗakinsa yake ci.

Ana nan azumi ya zo ya wuce. Ana gobe Sallah uwar Tanimu, tsohuwa Maijidda, ta zo daga Gidan Sori inda take zaune wurin babbar ɗiyarta. Ba ta san komai a kan cinikin ɗanta ba. Ranar Sallah kuwa, kowa ya sani, gida-gida ake aika tuwo, kuma doka biyu ce a kan mazubin da aka aiko maka: ka mayar da shi, kuma kada ka mayar da shi wofi. Maijidda mutuniyar dā ce. A wurinta gidan mutunci da akushi ake kai masa abinci, kwanon ƙarfe na yara ne. Marigayiya uwar Ɗan Bala ƙawarta ce tun suna 'yan mata. Maijidda ta shiga ɗakin ɗanta yana can wurin gaisuwar Sallah, ta ga akushi mai kyau a bayan gado, ta cika shi da tuwo, ta rufa faifai, ta ɗauko da kanta zuwa gidan Ɗan Bala.

Ina ƙofar gida na ga wucewarta. Na ga wayar gyartai a gefen abin da ke hannunta. Ban san lokacin da na tsinci kaina a jikin danga ba.

Tata ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Na ga babban yatsanta yana bin ɗinkin nan.

"Inna, an gode. Wannan akushi kuwa, a ina aka samo?"

"Na Tanimu ne, ɗiyata. Matarsa ta ce a ciki yake ci kullum. Wai tuwon kwano sanyi yake yi masa, ga warin ƙarfe. Akwai wasu ma jibge a ɗakin, wai masu fura na Maraɗi yake kai wa."

Ashe wanda aka dafa wake da shi ke nan.

Tata ta raka tsohuwa har ƙofa. Ta juye tuwo, ta wanke akushi, ta shafa masa man shanu, ta kai ƙuryar ɗakinta. Sannan ta ɗauko kwanon Ɗan Bala ta goge shi da toka, ta cika shi da ƙuli-ƙuli har murfi ya ƙi rufuwa, ta cika langa da man gujiya, ta kai gidan Tanimu ta ce a gaida Inna.

Tanimu ya kai ƙara. Washegarin Sallah da hantsi aka taru gindin gawo, maza a gaba, mata can baya jikin katanga. Ya ce an aika wa Tata abinci don girmamawa, ta riƙe mazubi, abin da ko mahaukaciya ba ta yi. Mai gari ya ce Tata ta yi magana.

"Ranka ya daɗe, ban mayar wofi ba. A nan gindin iccen nan ya ce akushi na awaki ne, kwano shi ne na mutane. An aiko mini na awaki, na mayar da na mutane, cike. In na cuce shi, ya faɗa a gaban jama'a wanne ya fi, sai in ɗauko masa."

Mai gari ya juya. "Tanimu, wanne ya fi?"

Tanimu ya buɗe baki, sai ya dubi bayan taro. Matan da ya karɓe wa akusa suna tsaye, kuma ban san wanda ya ba su shawara ba, kowace ta zo da kwanonta mai tabo a hannu. Na ce daga inda nake, "Faɗi mana, mutumin birni, kunnuwanmu na icce ne amma suna ji." Ya gyara hula, ya yi tari, ya dubi Ɗan Bala ko zai cece shi. Ɗan Bala yana ta binciken ƙasa kamar ya yar da allura.

Sai Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, albarkacin Sallah, na yafe mata."

Mai gari ya ce, "To madalla. Tata, an yafe miki. A tashi."

Wannan kalma ita ke ci mini rai har yau. An yafe mata me? Mutum ya yi ƙarya da bakinsa, ya raba mace da abin kakarta, ya ɓoye a bayan gado yana lasa, sannan shi ne mai yafewa. Ba wanda ya ce ya fito da sauran akusan. Kafin mako ya zagayo jakunansa sun kwashe su zuwa Maraɗi da sassafe. Matan da suka tsaya da kwanoni kuwa, da suka ga Tata ta samu nata su ba su samu ba, sai haushin ya koma kanta. Aka fara cewa gidan Ɗan Bala ba a mayar da kwano. Shekaru da yawa in za a aika mata abincin suna ko na Sallah, sai a nemo ƙwarya mai ɗinki a zuba, wai kada a yi asara. Ita kuwa ta wanke, ta cika da ƙuli, ta mayar.

Na taɓa ce mata, "Tata, ki bar ni in zagaya gida-gida in wanke ki." Ta ce, "Ado, bakinka zai ƙara wa wutar kara. Abina yana ɗakina."

Ɗan Bala bai taɓa ba ta haƙuri ba, ni dai ban ji ba, kuma da ya ba ta da na ji. Daren da akushi ya koma ciyayya ya ɗauko shi yana taƙama, ya ajiye a tsakiya, ya ce shi dama can bai yarda da ƙarfe ba. Na ce ya nuna wa mutane yatsunsa. Aka ci na kowa, aka bar nasa ƙarshe, aka buɗe, turiri ya tashi. Ba wanda ya ambaci turmi.

Da auren Zainaba ya zo, Tata da hannunta ta ɗora akushin a saman kaya, ta bi amalanke da ƙafa har bayan gari tana riƙe da gefensa. Tata ba ta daɗe sosai bayan nan ba Allah ya karɓi abinsa. Tanimu ya yi kanti, ya yi tumbi, yana zama sahun gaba. Kwanon jan fure na gan shi da idona a bayan gidansa, kaji ma sun daina sha a ciki don ba ya riƙe ruwa.

Bara na je Sae Sabuwa gaida Zainaba. Ta fito mini da tuwo a cikin akushin nan, wayar gyartai tana nan inda take. Ƙaramar ɗiyarta ta taho da gudu ta yi karo da shi, ya kife, ya gangara har gindin turmi. Zainaba ta ɗauka ta kakkaɓe, ta sake zubo mini wani.