Mai Ɗaukar Ƙeya

Wai an ce wani ya kalli fim ɗin Darakta har ƙarshe, ya wayi gari fuskarsa ta koma ƙeya, sai da ƙarti bakwai suka murɗo masa ita. Ƙarya ce. Mutumin maƙwabcinmu ne mai faci, wuyansa ne kawai ya sage garin leƙen bayan talabijin ko zai ga fuskar 'yan wasa. Ƙartin ma biyu ne, kuma man zafi suka shafa masa.

Darakta ɗan kawuna ne. Gyaran waya yake yi, a wani shago da in ya yi atishawa sai ƙofa ta buɗe. Fim kuwa da wayoyin mutane yake ɗauka kafin su zo karɓa. Minti shida, minti takwas, ba waƙa, ba soyayya, ko mari ɗaya babu. Sai ka ga ɗaki cike da mutane, kowa ya fuskanci bango, an ɗaura masa farin ƙyalle a wuya. Sai ka ga kujera ita kaɗai a tsakiyar titi tana juyawa. Gashi ya tashi daga ƙasa ya koma kan mai shi. Ba ka jin komai sai ƙarar almakashi. Goggo ta kalla sau ɗaya, ta ce a sa yaron nan a addu'a.

Mu dai dariya muke. Shi abin da ya kai shi ba na dariya ba ne.

Kawu shekara arba'in yana aski. Bara waccan kansa ya fara rikicewa. Ya manta hanyar shago, daga baya ya daina gane fuska, har matarsa ta ajiye masa abinci ya ce, "Sannu, baiwar Allah." Amma Darakta ya lura da abu ɗaya: in mutum ya juya baya zai fita, sai tsohon ya kira shi daidai. Mai aski ai ƙeya ya sani.

Sai Darakta ya bi tsofaffin masu zuwa shagon Kawu gida-gida yana ɗaukar ƙeyarsu, ya kawo talabijin gaban gadon uban. Tsoho ya miƙe zaune.

"Wannan direba ne, kansa kamar an zauna a kai. Wannan malamin makaranta ne, ba ya son a taɓa masa bayan kunne."

Da aka zo kan tawa ya ce, "Ɗan ƙanwata, sarkin ƙarya." Kowa ya samu suna a ɗakin nan, ban da wanda ya yi wahalar. Shi "bawan Allah mai talabijin" yake ce masa.

Rannan Darakta ya miƙo mini waya, ya juya baya, ya ce in ɗauka, kada hannuna ya yi rawa. Aka kunna wa Kawu. Ya daɗe yana kallo, har ya matso da fuskarsa.

"Wannan ba askina ba ne."

Kuma gaskiyarsa. Tun Darakta yana ɗan shekara sha bakwai ya ƙi gadon shago, ya tsallaka titi wurin masu askin zamani, uban yana hango shi ta madubi. Shekara ashirin hannun tsohon bai taɓa kansa ba. Darakta ya kashe talabijin, ya naɗe wayar wuta a hankali, kamar wanda ba ya son ya gama.

Wata uku bai yi aski ba. Suma ta taru har ina ce masa tsuntsaye na neman haya. Wata safiya ya jawo tsohuwar kujerar shagon zuwa tsakar gida, ya goge ta, ya zauna, ya ɗaura wa kansa ƙyalle, ya miƙa wa uban mataji da almakashi. Uwar ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe baki, don hannun nan ko kofi ba ya iya riƙewa.

Tsoho ya fara yanka. Can ya tsaya a bayan kunnen hagu, yana shafa wani tabo da babban yatsa.

"Wa ya fasa maka kai a nan?"

"Daga katanga na faɗo, Baba."

"Ɗana ma yana da irinsa. Ni na ɗauke shi ranar." Ya ci gaba da yanka. "Ya daina zuwa. In ka gan shi ka ce ya zo."

"Zan gaya masa."

Kawu ya gama, ya hure masa gashin wuya, ya kaɗe ƙyalle, ya ce na gaba ya zauna. Darakta bai tashi ba. Kafaɗunsa kawai nake gani suna motsi, kuma ranar ce kaɗai na san shi bai ce a ɗauka ba.

Da muka fito titi, sai na faɗi abin da na iya.

"Darakta, wannan kai naka kamar akuya ta yi kiwo ta bar rabi. Ka sa hula mana, uban naka ma bai gane ka ba."

Ya dube ni da jajayen idanu.

"Kai naka uban yana gane ka sarai. Shi ya sa yake kulle ƙofa in ya hango ka."