Ƙafar da Inna Uwaliya Ba Ta Duba Ba

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Lakwaya, da wuya ka rasa tabon da Inna Uwaliya ta warkar a jikinsa. Surukata ce, uwar mijina Hambali, shekara goma sha tara muna gida ɗaya kafin ta rasu bara. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai faɗan tsiya. Maganin fata ta gada a wurin kakarta: maruru, gyambo, da ƙurajen nan masu ruwa da ke cin kan yara. Ta daka bagaruwa ta tankaɗe, ta dafa sassaƙen marke a wanke ciwo da ruwan, ta kwaɓa garin sabara da man kaɗe a shafa. Har daga Kabo ake zuwa, ciki har da matan ma'aikata, waɗanda sai sun waiga hagu da dama kafin su faɗo zaurenmu.

Ƙa'idarta ɗaya ce, ba ta ba da magani a saƙo. In ka zo kana kwatanta mata ciwon wani, za ta katse ka: "Ni ba na yi wa labari magani. Je ka kawo mai ƙafar." In an kawo shi ta latsa, ta sansana, ta taɓa ko akwai kaluluwa. Da ta ga ja ya fara hawa sama, jiki kuma ya yi zafi, sai ta rufe ƙwaryarta. "Wannan ya fi ƙarfin itace. Ku tafi Gwarzo a yi masa allura, yau ba gobe ba." Mai gardama kuwa ya sha zagi har ƙofar gida. Mutane da yawa suna tafiya da ƙafafunsu a yau albarkacin wannan korar.

Mutum ɗaya ne a duk garin ba ta iya kallo, shi ne Hambali, ɗan farinta. Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da take yi masa. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake. In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo tana amsawa, shi da furfurarsa da 'ya'ya shida. Mukan yi mata dariya a bayan ido.

Da kaka, shekara biyar ke nan, tushen kara ya soke shi a tafin ƙafa yana girbin dawa. Kwana biyu ƙafa ta kumbura. Na je ɗakinta na faɗa mata. Sai ta ƙulle garin magani a leda ta miƙo mini, ta ce in wanke in barbaɗa safe da yamma. Ban taɓa ganin ta yi wa kowa haka ba. Na lura sarai, amma na karɓi ledar na fito. Da wane baki zan ce wa surukata ta zo ta duba ɗanta? Tsakanin ɗakinta da namu kuwa bai fi taku goma ba.

Kullum da safe in na je gaisuwa sai ta ce, "Yaya mutumin naki?"

In ce, "Da sauƙi, Inna."

Abin da ake cewa ke nan, ko mutum yana gargara. Ita da ke hantarar duk wanda ya ce mata da sauƙi, nawa sai ta karɓa hannu bibbiyu, don shi take so ta ji. Hambali ma ya ja mini kunne kada in tayar mata da hankali. Ina ganin jan yana hawa, ina gaya wa kaina magani ne ke janyo dafin. Haka muka zauna mu uku, kowa yana kare mutuncin wani, ƙafa tana ruɓewa.

Rana ta tara ya fara sambatu. Ƙaninsa Datti ya nemo mota muka kai shi asibiti a Gwarzo. Suna kwance tsumman da na naɗe ƙafar da shi suka tura mu Kano. A can likita ya ce in ana son ransa sai a haƙura da ƙafar, aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Washegari na biyo Datti gida don in ɗebo kaya in ga yara. Ya taho da ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, za a binne ta kamar yadda addini ya ce. Muna shiga muka tarar da Inna a tsaye tsakar gida. Ta ce, "Kawo nan."

Datti ya ce, "Inna, ba abin kallo ba ne."

"Na ce ka kawo."

Ta zauna a tabarma ta warware ƙyallen a kan cinyarta. Ta daɗe tana dubawa, tana juyawa, har da latsawa da babban yatsa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a lokacin ba, ban kuma taɓa jin haushin kaina haka ba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Zinnira, yaushe jan ya wuce idon sawu?"

Na ce, "Rana ta uku, Inna."

"Kika ce mini da sauƙi."

"Na ce."

Na sunkuya ina jiran faɗan da na san na cancanta. Da ta yi, da na fi samun sanyi. Sai ta mayar da ƙyallen a hankali, ta ɗaure da kanta.

Ta ce, "Ke kin faɗi abin da ake faɗa. Rana ta uku allura biyar ta ishe shi. Ni ce ban tashi ba."