Sha Shida Sau Talatin da Biyar

Abin da na fara lura da shi ranar da aka kai ni sabuwar makaranta a Titin Bauchi shi ne babu mai riƙe da biro. 'Yan ajinmu sun yi layi a bakin ƙofa, kowa ya cusa hannuwa cikin suwaita, malamar lissafi ta tare hanya. Ashe haka take yi kowace safiya: ta jefo maka lissafi, ka amsa da ka, sannan ka shiga. Wanda ya kasa ya koma ƙarshen layi ya ci gaba da shan sanyin Jos.

Da aka zo kaina ta ce, "Baƙuwa, sha shida sau talatin da biyar."

Na fara jera lambobin a zuciyata yadda aka koya mana a tsohuwar makarantarmu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Kafin in kai layi na biyu, na farkon ya ɓace mini. Na sunkuyar da kai na koma baya. Haka na yi ta zama ta ƙarshen shiga, yatsuna a sandare, har na fara ƙirƙiro ciwon ciki idan gari ya waye.

Wadda muke zama benci ɗaya da ita 'yar Bukuru ce, babanta manomin dankali. Ita kafin Malama ta rufe baki ta amsa, wani lokaci ma tana hamma. Ni dai kallon leɓenta nake yi ko zan ga inda amsar take fitowa. Ran nan lokacin hutun tara ta kama ni ina kallonta.

"Ke, kallon ya isa haka. Kina ta ɗaukar kaya mai nauyi a banza."

Ta tsuguna ta ja layuka a ƙasa da tsinke. Ta ce in ɗauka gona ce, layi sha shida, kowane layi dankali talatin da biyar.

"To haɗa layukan biyu-biyu, wannan a bakin wancan. Saura layi nawa?"

"Takwas."

"Kowanne dankali nawa?"

"Saba'in."

"Shi ke nan fa. Akwai dankalin da ya gudu?"

Takwas sau saba'in, ɗari biyar da sittin. Gonar ta sake kama gaba ɗaya, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba. Ban taɓa sanin lamba tana yarda a lanƙwasa ta haka ba.

Washegari Malama ta ce, "Sha huɗu sau arba'in da biyar."

Na ga layukan suna haɗuwa da kansu, bakwai sau casa'in. Na ce, "Ɗari shida da talatin."

Ta matsa ta ba ni hanya. Na baya suna ta tura ni, ni kuwa na tsaya a bakin ƙofar. Na ce, "Malama, don Allah a ƙara mini wani."