Ɗan Wanki a Bakin Ramin Kawo

Ba wanda ya kula da sandar da ke kafe cikin ruwan sai ni. An yi mata tsage-tsage da wuƙa don auna zurfin ruwan, uku sun fito fili tun da aka fara janye ruwan. Abokan aikina na ofishin safiyo suna kallon motar katafila tana tura jar ƙasa cikin tsohon ramin tsakuwa na bayan Kawo, inda za a gina gidajen ma'aikata.

Mai sandar wani siririn dattijo ne ɗan wanki, wandonsa a naɗe har gwiwa, faratansa shuni ya rine su. Harshensa na Katsinawa ne. Wataƙila da shi aka haƙa ramin, da ruwa ya taru ya sake sana'a.

"Baba, sati biyu ya rage maka!" in ji wani direban tifa. "Sai ka koma kogi."

"Kai za ka riƙa kai ni, ɗan nan?" Bai ko ɗago kai ba.

Ya dubi sandarsa, ya matse wata farar riga, ya shanya ta a kan igiyar da muka ja jiya don shata fuloti na goma sha ɗaya.