Kwana Uku Ina Kara, 'Yata Tana Bushewa

A duk abin da ɗan Adam ya ƙirƙiro, tun daga jirgin sama har wayar hannu, ban ga wanda ya kai ƙananan cokula shida na sukari da rabin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa daraja ba. Da wannan jimlar nake buɗe darasi kowace shekara, a lokacin ina malamar kiwon lafiya a wata sakandaren 'yan mata. Shekaruna ashirin da shida, ina aure a wani babban gida a Kwarbai, maigidan kuma ma'aikaci ne a Kaduna, sai Juma'a yake dawowa. Ina da digiri, ina da 'ya ɗaya, ina kuma da shaidar da na fi alfahari da ita: duk gidan an yarda matar nan boko bai cinye mata kunya ba.

'Yar fari ce, don haka ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta gaban manya. Da ta kai yaye aka mayar da ita sashen surukata, Hajiya, ƙetaren tsakar gida kawai, aka ce kada in bari ta gan ni sai ta manta da nono. Ran Litinin ne. Washegari da safe na ga zannuwan goyo a kan igiya sun fi na kullum yawa. Ban tambaya ba, uwar 'yar fari ai ba ta tambaya. Na dai aiki bakina ta hannun ƙanwar maigidan, ta dawo ta ce Hajiya ta ce haƙori ne da kewar nono, kowane yaro sai ya yi zawon yaye. Ta ƙara da cewa an rage wa yarinyar ruwa, wai ruwan ne ke ƙara gudun, ana ba ta jiƙo. Na san kuskure ne, na sha ja wa ɗalibaina jan biro a kan wannan amsar. Amma na saka hijabina na tafi makaranta, na koyar da 'ya'yan mutane yadda ake ceton yaro.

Ran Laraba na kira maigidan, ya ce Hajiya ta yaye tara, ni guda nawa na yaye? Ban tuna masa cewa bakwai muka sani a raye ba.

Ran Alhamis bayan la'asar na wuce ta ƙofar Hajiya kamar mai neman tsintsiya. Abin da ya tsayar da ni kukan yarinyar ne, ya koma siriri kamar na 'yar mage. Na leƙa. Tana kwance a tabarma, idanu sun zurma, leɓe ya bushe, tana kuka babu hawaye ko ɗigo. Na tambayi rabonta da fitsari, aka kalli juna. Akwai baƙi a ɗakin, har da yayar Hajiya da ta zo daga Ƙofar Doka. Gabansu na shiga, na kira yarinyar da sunanta na yanka, karo na farko da bakina ya furta shi a gidan, na saɓa ta a baya. Yayar Hajiya ta riƙe haɓa ta ce to, yau boko ya motsa. Hajiya ta ce in ajiye mata jika, kada in ɓata yayen, in kuma na fita da ita to na san inda na ajiye mutuncina.

Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri. Mutuncin zai jira ni. Ita ba za ta jira ba."

A wani asibiti wajen Tukur-Tukur sai da aka nemi jijiya a wuri uku kafin ƙarin ruwa ya shiga. Nas ɗin, wata dattijuwa mai kaifin harshe, ta tsunkuli fatar cikin yarinyar ta nuna mini yadda ta ƙi komawa, ta ce haƙori ba ya tsotse ruwan jikin yaro, zawo ne ke yi. Sannan ta zaunar da ni ta koya mini haɗin gishiri da sukari dalla-dalla, ta sa na maimaita. Da ta tambayi aikina na ce ɗinki nake yi.

Kwananmu biyu aka sallame mu. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan, yarinyar ta kusa kamo ni tsawo, har gobe kuma in an yi sabuwar amarya a gidan da ni ake yi mata misalin rashin ta-ido. Ban ba da haƙuri a kan fitar ba, ba kuma zan bayar ba. Hajiya ba muguwa ba ce, abin da aka yi mata shi ta yi. Kara ado ce, na yarda, amma a wajen suna da biki. Yaron da ke zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari tun gudun farko, a ci gaba da ba shi abinci. In ido ya zurma, ko fitsari ya ɗauke, ko ya kasa sha, ki saɓa shi ki fita ko gaban wa ne. A kira ki mara kunya. Ana rayuwa da sunan, ga ni nan.

Sai dai kafin wata ta yi mini kirari: haɗaɗɗen gishiri da sukarin da aka sallame mu da shi, akwai irinsa ƙulli uku a jakata tun ran Litinin. Na ɗauko su ne don darasin 'yan aji biyu.